Motar ɗaukar kaya: Hiace mai fetur ko mai dizal? Ku ba ni shawara kafin in biya

Ɗan Singa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani, don kuɗin da zan kashe ba ƙanana ba ne a wurina, kuma in injin ya ba ni ruwa ba ni da wasu a ajiye da zan sake saye.

Shagona yana kasuwar Singa nan Kano. Kayan masarufi nake bayarwa a sari: taliya, madarar gari, sabulu, man girki na jarka, wani lokaci da sukari da fulawa. Yawancin masu saye a hannuna masu tireda ne na ɓangaren Jigawa, kuma motar haya nake ɗauka ta kai musu. Kuɗin mota yanzu ya fara cin ribar, ga direban da za ku yi da shi bayan asuba sai rana ta take ka gan shi yana ba ka haƙuri. Shi ya sa nake son in sayi tawa, ƙanena ya riƙa ja.

Ga yadda aikin yake. Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari ta Gumel, Juma'a Wudil. Sauran ranakun cikin gari ne, Kurna, Rijiyar Lemo, Hotoro, Sheka, a tsaya nan a sauke katan biyar, a matsa gaba a sauke goma, ga cunkoso ga 'yan adaidaita. Lodi kamar tan ɗaya, ranar da buhunan sukari suka shiga ya ɗan haura.

Dillali ya nuna min motoci huɗu. Ta farko Hiace ce irin wadda ake ce wa Hummer, marar kujeru, injin fetur 2TR, giya ta hannu, wani kamfani ne ya yi aiki da ita a nan gida ya sayar. Ita ta fi tsada. Ta biyu tsohuwar Hiace mai dizal, ya ce injin 5L ne. Ta uku Hiace ta Turai mai ɗan hanci a gaba, an rubuta D-4D a jikinta, Baljiyam ce ba a daɗe da shigo da ita ba. Ta huɗu Sprinter 313 CDI, ta fi su duka ciki, mutum zai miƙe tsaye a bayanta, kuma kuɗinta bai kai na Hummer ɗin ba. Gaskiya ita ce ta fi shiga raina.

Yayana ya ce motar kaya in ba dizal ba wasa ne. Surukina ya ce in sayi mai fetur in mayar da ita CNG, wato mai amfani da iskar gas. Kowa da tasa, kuma ba wanda ya taɓa riƙe motar kaya a cikinsu. Don Allah wanne injin ne zai ɗauki wannan aikin ba tare da na koma zama a gareji ba?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Toyota nake gyarawa tun ina yaron gareji, saboda haka zan yi magana a kan ukun farko da bakina duka, ita ta huɗun in faɗi abin da nake gani a wurin maƙwabtana.

2TR tukuna. Lita 2.7 ne, silinda huɗu, bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, kuma sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa ba bel ba, don haka babu zancen bel ya tsinke maka a hanyar Gumel ya lanƙwasa bawul. Injin ɗaya ne da na Hilux mai fetur da wasu Prado da Coaster, shi ya sa duk abin da ya lalace a jikinsa za ka same shi a Ƙofar Ruwa, sabo da Baljiyam, kafin ka gama shan shayi. Rewaya na ƙauye ma ya san shi. Aibinsa biyu: yana shan mai in an yi masa lodi, kuma ba ya son a wuce lokacin juye. Wanda aka bari baƙin mai ya yi kauri a cikinsa za ka ji sarƙar tana kaɗawa da safe. Sai ƙananan abubuwa, kwayil ya mutu, famfon ruwa ya fara yoyo, famfon mai na cikin tanki ya ƙone saboda direba ya saba tafiya da mai a gindin tanki. Duka gyaran yini ɗaya ne.

5L lita 3.0 ne, ba shi da turbo, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, shi kuwa 2TR yana wajen 150. Ba ya gudu, amma ba ya laifi. Tsohon 5L famfonsa na ƙarfe ne zalla, masu gyaran nozul suna warware shi su ɗaure ido rufe. Akwai kuma 5L-E wanda kwamfuta ke sarrafa famfon, ka duba wanne ne a motar, don dillali duka 5L yake ce musu. Abin da ke kashe shi zafi ne. In lagireto ya toshe allura ta hau direba bai lura ba, kan silinda ya tsage. Shi bel ne da shi, duk kilomita 100,000 a canza, kuma tunda ba ka san yaushe aka canza na ƙarshe ba, ranar da ka saya ka canza. Matsalar ba injin ba ce ma, shekarun motar ne. Hiace mai 5L da za ka samu a wannan kuɗin ta ga duniya, ka duba ƙarƙashinta da kyau.

Yanzu D-4D, wato 2KD, lita 2.5 mai turbo. Injin kirki ne, ban musa ba, ya fi su duka tattalin mai. Amma mai yana shiga injektocinsa da matsin da ya haura baa 1,300 (baa ma'aunin matsi ne), alhali tayar motar wajen baa 4 take. Ramukan bakin injekta sirara ne kamar gashi, kuma dizal ɗin ne da kansa yake shafe famfon daga ciki. In aka haɗa shi da kananzir santsin ya ragu, famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi layi ya shiga injektoci huɗun. In da ruwa a ciki kuwa tsatsa ce. Kai da za ka riƙa kasuwannin ƙauye, wata rana dole ƙaninka zai sha man jarka a bakin hanya. Rana ɗaya ta isa. Kuma ba a gyara su da guduma da sifana, sai an kai wa mai na'urar gwaji, a saka lambar kowace injekta a kwamfutar motar.

Sprinter kuwa, ka sa a cire murfin robar da ke kan injin ka leƙa gindin injektocin. In ka ga wani baƙin abu mai tauri irin na kwalta ya taru, kana jin wani tsit-tsit da warin hayaƙi, wasa ta tagulla da ke ƙarƙashin injekta ta ƙone. Wasar ba ta da tsada. Fitar da injektar da ta manne a cikin wannan kwaltar shi ne aikin, wani lokaci sai ta karye a ciki. Mota ce mai kyau ga wanda yake da bakanikenta a hannu da kuɗin kayanta a aljihu. Araha ba ta ado, Alhaji, akwai dalilin da ya sa ta fi Hummer sauƙi duk da girmanta.

Wani abu kuma da ya shafi dukkansu. A 2022 dizal ya kai wajen naira 800 alhali fetur bai kai 200 ba a gidan mai, saboda tallafi. A lokacin mutane da yawa sun ciro injin dizal sun dasa na fetur. Da aka cire tallafin ranar 29 ga Mayu 2023 wasu suka fara komawa. Saboda haka akwai motoci da yawa a kasuwa da injinsu ba nasu ba ne. Ka gwada lambar injin da ta takarda. Motar da aka yi wa dashe sau da yawa giyabos da aksul ba su dace da injin ba, za ka ji tana ihu a giya biyar ba ta tafiya, ko wayoyi an yi musu ƙulle-ƙulle da salatif a ƙarƙashin kujera.

In ni ne kai, 2TR zan ɗauka.

Tsohon Direba:

Oga bakanike ya yi bayani, Allah ya saka. Amma shi a gareji yake ganin mota, ni a kan kwalta na san ta, kuma ban yarda da shi duka ba.

Da J5 na fara, tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kudu. Abin da ya raya J5 a ƙasar nan shi ne injinta na fetur ɗan gidan su 504 ne, ita kuwa 504 a Kaduna ake haɗa ta, ko'ina ka lalace akwai kaya. To na san darajar maganarsa ta samun kayan gyara. Amma daga baya na ja Hiace mai dizal na ja mai fetur, da lodi, kuma ɗana, bambancin ba a takarda yake ba, a ƙafarka za ka ji shi.

Ƙarfin doki na gudu ne. Mai kaya ƙarfin ja yake nema, kuma a ina injin yake ba da shi. 2TR yana da wajen 240 Nm a ma'aunin ƙarfin ja, amma sai ka taka totur allurar juyin injin ta kai kusan 3,800 kafin ya ba ka shi duka. D-4D irin mai doki 102 yana ba ka 260 tun allura tana 1,600. Ma'ana, ka tsaya a yashi a bayan kasuwar Gujungu da tan ɗaya a baya, mai dizal kana sakin kuloci za ta taso abinta. Mai fetur sai ka ba ta wuta kana riƙe da rabin kuloci, kana jin ƙauri. Yaro sabon hannu irin ƙaninka zai cinye maka faifan kuloci fiye da yadda kake zato. Wannan ma kuɗi ne, ba a dai sa shi a lissafin mai.

Ga lissafin man kuma, yadda na gani da idona da lodi, ba na kamfani ba. A kilomita 100, 2TR lita 13, wani lokaci 14 in direba mai nauyin ƙafa ne. 5L wajen 11. D-4D wajen 9. Mu ce Kano zuwa Maigatari da dawowa kilomita 300 don sauƙin lissafi: fetur lita 39, 5L lita 33, D-4D lita 27. Ba zan sa farashi ba don kafin ka karanta ya canza. Ka riƙe wannan kawai: in fetur naira 1,000 ne, D-4D tana gaba har sai dizal ya kai 1,440. Ita 5L tana gaba ne kawai in dizal bai wuce 1,180 ba. Ka leƙa allon gidan mai biyu uku a hanyarka ka auna da kanka.

Maganar gurɓataccen mai kuma, a bar ɗora wa dizal shi kaɗai. An manta Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol ya lalata wa mutane motoci a Legas da Abuja? Maganin man banza shi ne ka zaɓi gidan mai ɗaya mai ciniki, inda tanka ke sauke musu kullum, ka cika tanki a Kano. Tankin Hiace wajen lita 70 ne. D-4D za ta je Maigatari ta dawo, ta sake komawa ta dawo a tanki ɗaya, to me zai kai ka wurin 'yan bumburutu? Sai filtar dizal, akwai wani ɗan famfo a gindinta na tsiyaye ruwa. Duk sati a kwance shi a tara a murfin gora a duba. Direbobin yanzu ba su ma san yana nan ba, sai fitila ta kama a dashbod su liƙa mata takarda.

Ni D-4D zan ce. Yayanka bai yi ƙarya ba.

Hajiya Mai Biredi:

Sannunku da ƙoƙari. Bari in sa baki a ɓangaren CNG tunda surukinka ya kawo shi, don ni na yi, ba labari aka ba ni ba. Gidan biredi gare ni a Kaduna, kuma motar rabonmu Hiace ce mai 2TR da muka mayar.

Na farko, injin fetur ne ake mayarwa cikin sauƙi, saboda iskar tana buƙatar fulogi ya kunna ta. Mai dizal ba shi da fulogi, aikinsa daban ne kuma ba kowa ke yi ba. To in kana da niyyar CNG ko nan gaba ne, ka san cewa sayen 5L ko D-4D ya rufe maka wannan ƙofar. Kuma ba a cire fetur ɗin, maɓalli ne a gefen sitiyari, motar tana tashi da fetur in ta yi ɗumi ta koma iska, in iskar ta ƙare ta dawo fetur.

Sauƙin kuɗi akwai shi, ba ƙarami ba. Wani daɗin da ba a faɗa, ba a zuƙe CNG da tiyo a zuba a jarka. Tunda muka mayar, rigimar "mai ya ƙare" tsakanina da direba ta ragu sosai. Allah ya sa ƙaninka mai amana ne, amma ba kullum shi zai ja ba.

Sai dai Alhaji, ni biredi nake ɗauka, kai sukari. Biredi cika mota yake ba nauyi. Tulun ƙarfe ɗaya na iskar ya kai kilo 70, ya fi buhun sukari nauyi, kuma a cikin wurin kaya ake ɗaure shi. Ɗaya yana ɗaukar abin da zai kai ka kilomita ɗari da 'yan kai. Ka sa biyu, ka rasa wurin katan da yawa da nauyin buhu uku, kai da ka ce lodinka ya riga ya haura tan. Ƙarfin motar ma yana ɗan raguwa, direbana yana cewa a hawa sai ya mayar da ita fetur. Kuma iskar busasshiya ce, bakanikenmu ya ce a riƙa duba bawul da fulogi a kan kari fiye da da.

Babbar maganar ita ce inda za ka sha. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin CNG a 2023, kuma bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Duk tashar da bututu bai kai gare ta ba da tirela ake kawo mata, ranar da tirela ba ta zo ba babu. Mun sha tura mota layi tun dare, biredi kuwa ba ya jira. Kafin ka kashe ko sisi, ka bi hanyarka daga Gezawa har Maigatari ka ƙirga tashoshin da idonka. Ina ganin ranakunka na cikin gari ne za su ci moriyarta, ranakun kasuwa fetur za ka sha.

Kuma don Allah kada araha ta kai ka wurin mai walda. Matsin cikin tulun baa 200 ne. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan gas a Benin, aka gano tulun haɗin gida ne. Ka je wurin waɗanda aka ba izini, ka karɓi takardar tulun, ka duba kwanan watan da aka buga a wuyansa.

Ɗan Magarya:

Salamu alaikum. Ni daga Magarya nake a jihar Damagaram, muna cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ƙila ma mun taɓa gogar kafaɗa da yaranka.

A wajenmu motar kaya gazuwal, wato dizal, aka fi sani. Matatar SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011, kuma gwamnati ke yanke farashi: a Yulin 2024 an mayar da litar isansi, wato fetur, sefa 499, gazuwal 618. In ka bi lissafin Baba direba, a wannan farashin D-4D ta ci, 5L kuwa ba ta tsira da komai ba. To kun ga tsohon injin ba don tattali ake sayensa ba, don kwanciyar hankali ne.

Abin da ya sa na shigo, Sprinter ɗin nan. 313 CDI suna ne da aka daɗe ana bugawa, tun daga 2000 har bayan 2010, injin ciki kuma ya canza. Lamba 3 ta farko tana nufin tan 3.5 ne nauyinta duka da kayanta, 13 kuma doki wajen 130. Kada girman cikinta ya ruɗe ka, in ka cire nauyin motar abin da ya rage bai fi na Hiace da wani abin kirki ba. Ta mai katifa ce da mai robobi. Ka tambayi shekararta. Tsohon bodi, na kafin 2006, ya fi sauƙin hali. Na sabon bodi yawanci suna da matatar hayaƙi a salansa da ake kira DPF, wadda sai mota ta yi doguwar tafiya da zafi take ƙone tokar da ta tara. Aikin tsaya-sauke-tashi na cikin gari shi ne ke toshe ta, sai motar ta ƙi wuce wani gudu ko ka taka totur har ƙasa. Na wajajen 2016 kuma har da ruwan AdBlue na tsabtace hayaƙi suke sha. An ƙera su ne don gazuwal na Turai mai tsabta ƙwarai. Wani maƙwabcina ya sayi irinta, ta fi zama a kan dutse a garaji fiye da kan hanya, har ya sayar da ita da asara.

Wanda ya samu tsohuwar 312D mai silinda biyar, marar CDI, wannan wata magana ce. Amma masu ita ba sa saki.

Ɗan Singa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira dillalin, ya ce Sprinter ɗin 2012 ce, to na cire ta a raina duk da ina sonta. 5L ma na koma na leƙa ƙarƙashinta, wajen ƙofar gefe tsatsa ta ci har ana ganin ƙasa. Saura biyu.

Baba direba, lissafinka ya tsaya min a rai, lita 12 a tafiya ɗaya ba wasa ba ne. Amma tafiyar nesa ba kullum ba ce, Wudil ma nan kusa ce, mafi yawan satin a cikin gari motar za ta yini. Oga bakanike, a irin wannan aikin D-4D za ta mayar min da bambancin kafin ta nemi injekta? Kuma in na tsaya a kan Hummer ɗin, me zan duba, tunda motar kamfani ce direbobi da yawa sun ja ta?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Lissafin Baba daidai ne, ban taɓa shi ba. Abin da bai sa ba shi ne juye. D-4D tana cin baƙin mai wajen lita 7, 2TR lita 5 da rabi, kuma a ƙurarmu mai turbo ba na barin ta ta wuce kilomita 5,000. Ga filtar dizal da ba a sa mata jabu. Sannan Baljiyam ce, agogonta ba abin yarda ba ne, ba ka san ko injektocin sun kusa ba. Ka je ka tambayi kuɗin guda huɗu na asali da famfo, ka raba da abin da lita 12 ke ba ka, za ka ga Alhamis nawa ke nan. Da a ce Kano zuwa Maiduguri kake yi kullum da na bi bayan Baba ba gardama. Ga kuma ranar sayarwa: Hummer mai 2TR ko yau ka sa mata kujeru 'yan tasha za su yi rububinta.

Abin dubawa. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗa wa dillali lokaci ba. Ka ɗaga kujera ka ɗora bayan hannunka a kan injin. In da ɗumi an riga ka tayar da ita, ka ce gobe ka dawo. A sanyi ake jin sarƙa, a sanyi ake ganin hayaƙi. Kafin a tayar, buɗe murfin lagireto: ruwa mai launi kake so, ba jan ruwan tsatsa ba. A tayar murfin yana buɗe, in kumfa tana tasowa ba ta tsayawa, gasket ne ko kan silinda. Sai ka kwance murfin baƙin mai ka juya shi. In ka ga fari-fari mai kauri ruwa yana haɗuwa da mai. Ka ɗora murfin a bakinsa ba ka ɗaure ba injin yana aiki. Ya ɗan yi rawa ba komai, in iska tana tunkuɗo shi har ya faɗi, ringi sun tafi. Ka haska tocila cikin ramin, ƙarfen ya zama ruwan zuma, ba baƙin datti ba.

Ka tambaya ko an cire tamostat, don 'yan'uwana suna da wannan halin, su ce wai ƙasarmu zafi. Injin da ba ya kai zafinsa mai yake sha a banza, a mayar da shi. Fitilar injin a dashbod kuma ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in mota ta tashi. Wadda ba ta kamawa sam cire ƙwan aka yi.

Kada ka gwada ta wayam. Ka sa a ɗora buhu 20 na sukari daga shagonka, ku hau gadar Ƙofar Nassarawa, ka saka giya huɗu a ƙaramin gudu ka taka. In allura ta tashi motar ba ta ƙara sauri ba, kuloci ya ƙare, ka rage kuɗinsa a ciniki.

Tsohon Direba:

To shi ke nan, bakanike ya ja ka gidansu. Ni dai har gobe dizal. Amma tunda fetur za ka saya, ka zaunar da ƙaninka ka gaya masa da lodi giya ɗaya ake tashi, ba biyu ba, kuma ya cire ƙafarsa daga kan kuloci in yana tafiya. Masu walda za su ce ka kawo a ƙara mata ganyen sifirin ta ɗauki tan biyu. Za ta ɗauka, ba za ta durƙusa ba, amma burki da aksul da taya suna nan yadda kamfani ya yi su, kuma ranar Alhamis shanu ne ke tsallaka titin nan daga Gumel har cikin Maigatari. Tayoyin ma ka duba gefensu, masu harafin C bayan lamba ne na kaya, motocin kamfani sau da yawa na ƙaramar mota ake ɗaura musu in za a sayar.